Bakaniken da Yake Karɓe Tasbahar Matuƙa

"Feda ta ƙame! Ya Badaru, jelar ta ƙi bin ƙafata!"

Muryar Kyaftin Abdulghani ce a rediyo, da hantsin wata Talata a 1998. Yana tuƙo jirgi mai saukar ungulu zuwa Jidda, ɗauke da wata hajiya da ta yi hatsarin mota. Fedojin ƙafa ne ke sarrafa farfelar jela. In suka ƙame, kuma matuƙi ya tsaya cak a sama don ya sauka, jirgin zai kama juyi kamar katantanwa.

Badaru Lado, haifaffen unguwar Karantina ta Jidda, ba matuƙi ba ne, bakanike ne. Kowace safiya yakan tuɓe takalmi ya hau kujerar matuƙi, ya lumshe ido, ya taka fedojin nan da tafin ƙafarsa. Ya san lafiyarsu kamar numfashinsa. Yana ƙasa a filin jirgin, ya karɓi rediyon.

"Kada ka sauko a tsaye, ya akhi, ɗan'uwana. Yi nisa, ka taho a kwance kamar jirgin fasinja. Rage gudu kaɗan-kaɗan, da hancin ya daidaita da titi, ka ja ƙafafunsa a ƙasa."

"In ya karkace fa?"

"Ka tashi ka sake zagayowa. Yalla, maza, idona na kanka."

Sau biyu ya zagayo. A na uku ƙarfe ya gogi kwalta, tartsatsi ya tashi, jirgin ya tsaya. Hajiyar ta rayu.

Badaru ya buɗe ƙarƙashin fedojin, ya zaro ƙwayar tasbaha ɗaya da ta maƙale ta hana su motsi. Tasbahar kyaftin ce ta tsinke. Bai yi masa gori ba. Washegari ya kafa ƙusa a ƙofar rumfar jirage. Tun daga ranar, duk matuƙin da zai tashi sai ya rataye tasbaharsa.

"Yi tasbihi da yatsunka," in ji shi.

Kai ne ba a taɓa sa hotonka a jarida ba, Baba Badaru. Shekara talatin da ɗaya kana wannan aiki, ga shi ka yi ritaya. Mun gode, Allah ya saka. Masu riƙe da rayukan mutane, ku duba ƙananan abubuwa yadda ya duba.

Ranar sallamarsa ma, wani baƙon matuƙi ya nufi jirgi, tasbaha na lilo a wuyan hannunsa. Badaru ya ajiye shayinsa, ya tare hanya, ya miƙa masa tafin hannu.