Kwalbar Da Na Mayar But A Hanyar Iskandariyya

Ana sallame sallar asuba na baro unguwarmu Ainu Shams a Alƙahira, na ɗauko maigidana a Ma'adi, muka kama hanyar sahara zuwa Iskandariyya. Tsoho ne ɗan Italiya, na daɗe ina tuƙa shi. Yayarsa za mu gaida a gidan tsofaffi, kuma likita ya ce a hanzarta.

Tsarabarsa kwalba ɗaya ce ta jar giya, naɗe da tawul. Da hannunsa ya kwantar da ita ƙarƙashin kujerar gaba, inda sanyin mota ke bugawa. Ya ce, "Ya usɗa," haka ake kiran direba a Masar, "zafi ne ajalinta. Amana." Na ce tamam, wato to, amma zuciyata ba ta ce ba, don dardumar sallata na nan gefenta.

Hanya lafiya lau, sai manyan motoci masu gudu kamar an biyo su. Tsoho bakinsa ya buɗe. Wai giyar daga gonar mahaifinsu take, a tuddan Piyamonte can Italiya, kuma ita ce ta ƙarshe, don an sayar da gonar. Inabinsu ba ya nuna sai sanyi ya shigo, hazo ya rufe tuddai. Tana sabuwa bauri gare ta kamar ɗanyen goro, sai ta shekara da yawa a ɗaki mai duhu take laushi, launinta ya koma na jan bulo, ta riƙa ƙamshin busasshiyar fure da kwalta. Na ce a raina, kwalta kuma? Allah ɗaya, gari bamban.

Mun tsaya a Wadi Natrun. Faɗira, gurasarsu mai mai, da zuma a can sai wanda ya ci, amma shayinsu ya ninka na unguwarmu kuɗi. Tsoho na shiga banɗaki, na sa tsumma na ɗauke kwalbar na jefa but. Ya dawo ya kwanta a baya, barci ya kwashe shi. Ni kuwa har daɗi nake ji, wai na tsarkake gaban motar.

A bakin gari muka tarar da shingen sojoji, layi har inda ido ya ƙare, ga ranar Agusta. Na tuna da kwalbar. Ban motsa ba.

Da muka isa gidan tsofaffin na buɗe but, murfin kwalbar ya turo, rabi ya tsiyaye a tawul. Tsoho ya ɗanɗana saura, ya rufe ido, ya ture. Yayar tasa, 'yar ƙanƙanuwa cikin kujerar guragu, ta miƙo hannu ta karɓi tawul ɗin. Ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ya fassara mini da kansa: wai ɗakin ajiyar babansu take ji. Abin da ta samu ke nan.

A hanyar dawowa ban ci komai ba. Muna hango fitilun Giza na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ma'alish, ba komai. Da ka gaya mini addininka ya hana, da na rungume ta a cinyata."

Na iso gida da abin da na koya. Giya haram ce, ban canja ba. Amma ina da baki tun a Ma'adi, na ƙi buɗewa, na karɓi amana na ci. Mako bai zagayo ba muka sake bin hanyar, wannan karon da baƙaƙen kayan makoki, yayar ta rasu. Har muka je muka dawo, ban iya kallon madubin baya ba.