Dokin da Ba Ya Tafiya Sai da Zagi

A ƙauyen Dolna Leska, in aka ce mutumin da ba ya zagi, kowa ya san Bai Tseko ake nufi. Bai ɗin nan lakabin girmamawa ne a can, kamar a ce Baba. Shi ke kaɗa ƙararrawar coci. Ranar da ya fara kama igiyarta, shekara talatin ke nan, ya yi wa Allah alkawari ashar ba zai ƙara fita bakinsa ba. Mutanen gari suka ce ai da sauƙi, tunda matarsa Vela na yin na mutum biyu.

Wata rana da sanyi ya fara shigowa, Tseko ya hau dutse neman itace. Can ya tarar da masu jan gungume za su tura wani doki mai ruwan toka cikin motar mahauta. Haƙarƙari a waje, kafaɗa duk miki. Dokin bai taɓa ɗaukar mutum ba, gungume ya sani da bulala. Tseko ya ba da awaki biyu ya karɓo shi, ya sa masa suna Sivcho. Awakin na Vela ne.

"Tsoho, ina awakina?"

"Ga su nan. Sun zama ɗaya, amma sun ƙara tsawo."

"Tsawo! Wannan ƙwarangwal ɗin zan tatsa in yi cuku? Ka buɗe kunnenka. Ranar Todor, ranar bikin dawaki, in maza suka fito da dawakansu ban gan ka a bayan wannan ba, ni da kaina zan kira mai motar mahauta."

Wata huɗu ya rage, kuma Vela ba ta faɗa ta fasa.

Tseko bai yi gaggawa ba. Sati biyu ya yi yana zama a kan bokiti kusa da turke, yana ɓare tuffa, bai ko kalli dokin ba. Sivcho da kansa ya gaji ya miƙo baki. Daga nan sai shafa wuya, sai ragama, sai ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙa goga masa buhu a baya har ya daina zabura. Miki ya warke, haƙarƙari ya ɓuya.

Wajen zagaye aka samu matsala. A ƙa'ida mutum ya tsaya tsakiyar fili da doguwar igiya, doki ya riƙa kewaya shi, ya tafi in an ce tafi, ya tsaya in an ce tsaya. Tsayuwa kam Sivcho ya ƙware. Tseko ya lallaɓa, ya yi fito, ya roƙa. Ko gezau. Sai ya shiga kewaya dokin da ƙafarsa cikin dusar ƙanƙara, wai ya nuna masa yadda ake yi.

Maƙwabcinsa Stoimen ya jingina da shinge yana kallo.

"Bai Tseko, ya kusa gama horar da kai? In ya sa maka sirdi ka kira ni."

"Haƙuri, Stoimen."

"Wa zai yi, kai ko shi?"

Kwana goma ana haka. Rana ta sha ɗaya Vela ta fito da kwandon wanki ta nemi igiyar shanya ta rasa. Sai ta hango ta a hannun mijinta.

"Igiyata! Kyarkeci ya cinye ka, jakin banza, mai kan kabewa!"

Sivcho ya miƙe kunne ya kama sassarfa. Zagaye uku ya yi, tsaf, kamar dokin soja. Da Vela ta tsaya jan numfashi, shi ma ya tsaya.

Tseko ya daɗe yana kallon su biyun. Ashe duk rayuwar dokin nan a daji, ba wanda ya taɓa ce masa tafi. Zaginsa ake yi, ya ja.

"To zage shi mana!" in ji Stoimen, yana share hawayen dariya.

"Na yi alkawari."

Ya cire hula ya je gaban matarsa.

"Tsohuwa, alfarma nake nema. Kullum da safe ki zo bakin shinge ki zage ni."

"Shekara arba'in ina yi ba ka taɓa godiya ba. Yau ka san amfaninsa?"

Ta zo kuwa. Tseko ya yi fito, ita ta biyo da zagi, doki ya tafi. Bayan sati ya ce ta rage murya. Bayan wani satin ya ce ta yi daga tagar kicin. Sannu a hankali fito ya ci gaba, zagi ya koma baya, har wata safiya Sivcho ya tafi da fito kaɗai. Vela ta rufe taga da ƙarfi. Amma da yamma an gan ta tana kai wa dokin ɓawon tuffa, tana ce masa mara kunya ƙasa ƙasa don kada ya ɗauka da gaske.

Ranar Todor ta zo. Vela ta gasa burodi mai siffar doki kamar kowace mace a garin, ta kitse wa Sivcho jela da jan zare. Tseko ya ɗaure sirdin da dokin ya yi sati uku yana yawo da shi ba kowa a kai. Ya sa ƙafa a likkafa, ya ɗaga jiki, ya kwanta a kan sirdin da cikinsa.

Nan ne idon Vela ya kai kan abin da aka shimfiɗa ƙarƙashin sirdi. Bargon aurenta ne, wanda uwarta ta saƙa.

Ta ja numfashi. Sivcho ya juyo da kunne. Tseko na rataye, ƙafa ɗaya a sama, shekara saba'in a wuya.

"Vela," ya ce a hankali, "don girman Allah."

Fuskarta ta yi jawur. Sai ta ɗauki burodin ta cusa a bakinta, kai da geza duka.

Tseko ya wurga ƙafa ya zauna daram. Ya yi fito. Sivcho ya taka a natse, ya fita ƙofa, suka nufi filin coci.

Sai da suka sha kwana Vela ta cire burodin. Abin da ke cikinta dole ya fita, ga Stoimen tsaye yana washe baki. A kansa ta sauke. Waɗanda suka gani sun ce shi ma sassarfa ya yi har gida.