Ummusalma, Wadda Ta Ɗaure Hannun Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu, Yaya Ummusalma, likitar gashin ƙashi a nan Jibiya, bayan gajeriyar jinya.

Yaya, ni ne Zubair, wanda kike kira Sarkin Surutu, wanda ya naɗa miki muƙamin Babbar Kwamishiniyar Farfaɗo da Gaɓoɓin Al'umma. Yau na lalubi manyan kalmomina kaf, babu wadda ta amsa kira.

Lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, hannunsa na dama ya mutu. Mutumin da ya shekara talatin yana cin tuwo a ƙofar gida tare da abokansa direbobin Maraɗi ya koma ci a ɗaki, ƙofa a rufe, don kada a gan shi yana kai loma da hagu. Ke kuwa kika zo da gyale kika ɗaure hagun, mai lafiyar. Na miƙe na ayyana hakan a matsayin zalunci mabayyani.

Kika ce, "Zauna, Sarki. Da aka rufe boda, masu babura sun daina zuwa Maraɗi?"

Kika bayyana mana cewa saƙo a ƙwaƙwalwa ma yakan nemi ɓarauniyar hanya idan babbar ta toshe. Akwai wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa, ana ce musu giliya, masu ciyar da ƙwayoyin jijiya, su share mahaɗar da aka daina bi, su naɗe wadda ake yawan bi da rufi don saƙo ya yi sauri. Amma ba sa gyara hanyar da babu mai bin ta.

Baba ya ce, "Ɗiyata, ashe har cikin kaina akwai 'yan fasa-ƙwauri?"

Ranar ya fara dariya. Kafin ki kwanta ciwo, yatsunsa uku sun soma riƙe cokali.

Da labarin rasuwarki ya iso, Baba ya ce a ɗauke gyalen daga gabansa, ya gama da gashi. Na kawo hujjoji, na yi balaga, bai ko dube ni ba.

Ranar sadakar uku aka ajiye tiren shinkafa a gaban mutane a ƙofar gidanku. Na matso in raka Baba gida kamar kullum idan an kawo abinci. Sai ya miƙo mini hagunsa.

"Ɗaure."

Da hannun rigarsa na ɗaure. Rabin lomar farko ta zube a cinyarsa, ta biyu ma haka. Babu wanda ya kau da kai, babu wanda ya ce a taimaka masa. Ta uku ta isa baki. Yana taunawa yana hawaye, mu ma haka.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ga mijinki Malam Sadisu, da Inna Nagoggo da ta haife ki, da 'yarki Zulfa, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.