Tsakuwar Baba Mai Sanyi

Kullum da safe, kafin ya gaisa da kowa, Baba Mai Sanyi sai ya shiga ɗakin ajiyar iri na jami'a ya buɗe babban firij. A ciki akwai kofi da ruwa ya daskare, da 'yar tsakuwa a saman ƙanƙarar. In tana sama, lafiya lau. In ta nutse, to sanyi ya taɓa yankewa, irin ya shiga haɗari.

Irin nan kuwa ba na wasa ba ne. Malaman farko ne suka bi ƙauyuka suka tattaro shi tun jami'ar tana 'yan ajujuwa, wani gero ma yanzu babu shi a gonar kowa. Da shi jami'ar ta yi suna, har baƙi ke zuwa daga nesa.

Waɗanda suka ga ranar yajin aiki ba sa mantawa. Wuta ta ɗauke, an sa wa ƙofa sarƙa, rana tana dukan kwano. Ga Baba tafe da sifana a aljihu. Aka yi masa caa.

"Maci amana!" in ji wani daga baya.

Shugaban ƙungiya ya tare shi. "Baba, yau ko kaza ba ta shiga."

"Ɗana, ni ma yajin nake yi. Amma geron can bai san an fara ba. In ya mutu, ranar da muka ci nasara me za mu koma mu tarar?"

Can shugaban ya zaro makulli. "Muje. In ƙarya ne, ka san sauran."

Janareta ya ƙi tashi. Baba ya ja igiyarsa har hannu ya saɓule. Wanda ya kira shi maci amana ne ya tuɓe riga ya karɓi igiyar. Da injin ya kama, aka buɗe firij, kowa ya leƙa. Ƙanƙara ta fara zufa, tsakuwa ta karkace, amma tana sama.

Baba, kai ne inuwar da ba a gode mata sai rana ta take. Yau da za ka ajiye aiki ka huta, mun gode, Allah ya saka da alheri. Magajinka da aka miƙa wa tsakuwar nan, da mu duka, kowa ya kula da tasa kada ta nutse.