Hancin Ɗantala

Shekara ashirin da biyu Ɗantala ya yi yana sa wa wake magani a rumbunan kasuwar Jibiya, kuma shekarun nan duka yayarsa Luba ta yi su tana faɗa da shi. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu a Riko. Har ya yi furfura ba ta daina kallonsa a matsayin wanda ta goya ba.

Aikinsa shi ne ya dama fiya-fiya da ruwa ya yayyafa wa wake kafin a ɗinke buhu, don kada ƙwari su cinye kafin kaya su isa Maraɗi. Maganin kan zo a kwalaben da babu rubutu, wani na gaske, wani an sirka shi da kananzir. Sai Ɗantala ya zama ma'auni. Ya buɗe murfi, ya kai hanci, ya shaƙa, ya ce wannan ya yi, wancan ruwa ne. 'Yan kasuwa suna yabon hancinsa, shi kuma yabon yana shigarsa. Ba ya rufe fuska, da hannu yake damawa. In ya tashi aiki sai ya sha ƙwarya guda ta nono, wai nono yana wanke dafi. Haka duk abokan sana'arsa suke yi.

Luba ta saya masa safar hannu, ya ba mai wankin babur. Ta ɗinka masa ƙyallen rufe hanci, ya mai da shi abin goge takalmi. In ta yi magana sai ya ce ita da ba ta taɓa shiga rumbu ba me ta sani.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, wani direba mai suna Maɗugu ya tsallako iyaka da jarka guda ta sabon magani, ya ce a can ƙetare auduga ake fesa wa. Ɗantala ya shaƙa har sau biyu, ya ce bai taɓa jin mai kyau irinsa ba. Ya shiga rumbu ya ja ƙofa don kada iska ta rage masa ƙarfi. Kafin azahar aka kawo shi ƙofar gidan Luba a amalanke. Yawu na zuba kamar an kwance salka, gumi ya jiƙa riga, hawaye da majina sun haɗe, ƙirji na ƙugi. Da ta ɗaga fatar idonsa sai ta ga baƙin tsakiyar ya tsuke ya koma kamar bakin allura.

Nan take maƙwabta suka cika zaure. Wannan ta kawo manja, wancan ya ce nono dai, a ɗura masa. An riga an ɗura masa rabin ludayi kafin Luba ta ture hannun, ta tare mai a-daidaita, ta ce asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su, Salmatu, ta fara da sa a tuɓe masa kayan a wanke shi da sabulu. Da ta ji labarin nono sai ta dubi Luba ta ce saura kaɗan ya shaƙe shi, kada a ƙara. Ta yi masa allurar da ta kira atirofin, ta sa abin saurare a ƙirjinsa, ta ƙara wata, ta sake ƙarawa. Luba ta tambaya ko ba ta yi yawa ba. Salmatu ta ce jiki yana da jijiyoyin da ke sakin yawu da gumi, suna rage bugun zuciya. Dafin nan ya danne su a buɗe, allurar kuma rufe su take yi, ba za a tsaya ba sai ƙirjin ya bushe.

Ƙirjin ya bushe. Ɗantala ya farfaɗo, kuma a nan ne ran Luba ya fi ɓaci. Bakinsa ya bushe ƙamas, zuciya na dukan ganga, idon da ya tsuke ya buɗe har haske na sukarsa, fitsari ya ƙi fita. Washegari da hantsi ta same shi yana ƙoƙarin cire ƙarin ruwa.

"Yaya, ki fidda ni nan. Wagga allura ita za ta kashe ni. Dubi halshena, kamar kilishi."

"Jiya da kake zubda miyau kamar ɗan maraƙi ba ka ce haka ba."

"Jiya nonon ne bai kai ga aiki ba aka ɗauko ni."

Luba ta zauna kan hannunsa. Haka ta yi gadin ƙarin ruwan nan kwana uku, yana ƙorafi tana ƙyale shi. Duk wanda ya zo dubiya sai Ɗantala ya gaya masa fiya-fiya bai taɓa yi masa komai ba, asibiti ne suka so ƙafar da shi. Ranar sallama Salmatu ta ce masa in ya sake kusantar maganin nan ba lalle a kawo shi da rai ba. Ya ce to. Tun a hanyar gida ya fara tambayar ko Maɗugu ya bar sauran jarkar.

Luba ta kai shi gida. Ta sauke shi, ta gyara mayafi, ta wuce kai tsaye wurin Alhaji Zunnuraini mai rumbunan, wanda ɗan kawunsu ne. A gaban baƙinsa ta ce masa ba roƙo ta zo yi ba. In Ɗantala ya sake taɓa kwalba a rumbunsa, to ya shirya zuwa ya wanke gawar da hannunsa, don ita ba za ta taɓa ba, kuma duk dangi za su ji wanda ya miƙa masa. Alhaji ya yi ta gyaran hula. A makon nan ya mai da Ɗantala wajen awo da ɗaure buhuna masu leda uku, waɗanda ba a sa musu magani, ya kuma aika wa sauran masu rumbu cewa kowa ya ba shi kwalba ya nemi faɗa da gidansu.

Wata biyu Ɗantala bai gaishe ta ba. In sun haɗu a hanyar tasha sai ya juya ya kama kallon motocin da ke jiran a buɗe musu iyaka. Tuwon da take aikawa dai bai taɓa dawowa ba. Yana nan da ransa, ya aurar da 'ya'ya uku bayan haka, kuma a kowane biki sai ya nuna Luba da baki ya ce ga wadda ta kashe masa sana'a.