Ɗakin Inna a Bayan A-kori-kura

Da hantsi ranar Talata, ina tsaye a madafa a gidana da ke unguwar Safa a Jidda, wayar ƙanena Bashir ta shigo. Bashir haifaffen Jidda ne. Yana jin Hausa sarai, amma in magana ta yi nauyi sai ta kuɓuce masa. Ya ce, "Yaya Rakiya." Ya sake cewa, "Yaya, Baba," sannan ya ƙarasa da Larabci, ya yi mini ta'aziyya kamar yadda ake yi wa baƙo. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe murhu, na zauna a ƙasa ina jiran maigidana ya zo ya kai ni Waziriyya, unguwar iyayena. A zaman nan, kafin hawaye su zo, tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a rai: yanzu wa zai riƙa fitar da Inna?

Mahaifina, Malam Iliyasu mai walda, ya zo ƙasar nan aikin Hajji ina goye a bayan Inna, Allah kuma Ya nufa zamansa a nan yake. Ya sami kafili, wato ɗan ƙasa da ya tsaya masa, ya sami iƙama, takardar zama, ya shige wata warsha a Khumra inda ake ƙera ƙofofi da tankunan ruwa, bai bar ta ba sai da ƙarfinsa ya ƙare. Mutum ne marar yawan magana. Hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta ne, kuma bai taɓa kiran sunana ba, don ni ce 'yar fari. "Ke yarinya" nake a bakinsa har na aurar da tawa 'yar. In ya gama haɗa ƙarfe sai ya hau kansa ya yi tsalle kafin ya ba mai shi, yana cewa, "Ƙarfe ba ya rufa wa maƙeri asiri. Inda ka yi ha'inci, nan zai ɓalle."

Bashir bai daɗe da fara aiki ba ciwo ya kayar da Inna, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Ba ta iya zama a miƙe. Sau ɗaya muka gwada sa ta a kujerar mota, ba mu kai bakin titi ba ta fara kuka don azaba. Daga nan duniyarta ta koma ɗaki ɗaya a gidanmu na Waziriyya, ɗakin da taga ɗaya gare shi, ita ma na'urar sanyaya ɗaki ta toshe ta. Matar da ta tashi a ƙauye a ƙasar Katsina, tsakanin gona da rijiya, sai ga ta shekara da shekaru tana kallon silin. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma mun ga tana dusashewa. Ta rage cin abinci, ta daina tambayar wace rana ce. Wata safiya ina goge mata jiki ta dubi Baba ta ce, "Malam, an ce jiya an yi ruwa. Gaskiya ne?" Ya ce gaskiya ne. Ta ce, "To." Baba ya ɗauki hularsa ya fita.

Yana da wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda mutanen nan ke kira wanet, da yake kai wa mutane ƙofofi a cikinta. A kanta ya ɗora aniyarsa. Duk Juma'a in aka sauko masallaci sai ya wuce Khumra, warsha ba kowa, ya yi ta aiki har la'asar sakaliya. Ya tsinci guntayen bututun ƙarfe ya haɗa ƙashin ɗaki daidai faɗin bodin motar, ya ɗaure shi da manyan notuna yadda za a iya sauke shi in ana so. Ya rufe waje da farantin alminiyam, ciki da katako, ya cusa soso a tsakani don zafin Jidda ba abin wasa ba ne. Ya ƙara wa motar sifirin a baya saboda nauyi, ya cire, ya sake sawa, don a cewarsa motar ta koma tsalle kamar ɗan akuya. Ya kafa tankin ruwa da ɗan famfo, da fanka mai aiki da batir, da akwatin ƙaramin murhun gas, da ƙugiyar rataye buta. Ya huda wata 'yar kafa tsakanin ɗakin da gaban mota don ya ji in Inna ta yi magana. Abin da ya fi cin ransa shi ne gadon. Ya ɗora shi a kan dogo biyu da ƙananan tayoyi, yadda za a jawo shi waje ta ƙofar baya, a kwantar da ita, a tura a hankali ba tare da an naɗe mata jiki ba. Buhunan yashi ya riƙa kwantarwa a kai yana gwaji, ya ɗora kofi cike da ruwa a kansu. Sai ranar da ruwan bai zube ba ya ce ya yi.

Ya shafe shi da farin fenti, don fari ba ya riƙe zafi, ya bar 'yan kafofin iska a sama kawai, don ƙura. Ya kawo motar ƙofar gida, ya buɗe baya, ya jawo gadon waje, ya tsaya yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ko gama tsayuwa bai yi ba maƙwabciyarmu Hajiya Balaraba ta faɗo gidan tana salati, mayafi a hannu, tana tambayar yaushe Inna ta cika. Sai a lokacin muka ga abin da duk unguwa ta gani: farar mota rufaffiya, ƙofa a baya, gado mai fitowa. Motar ɗaukar gawa sak. Baba ƙarfe da zafi da ƙura kawai ya lissafa, bai taɓa ja da baya ya kalli abin da idon mutane ba. Muka ɗauko Inna zuwa bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ai ban mutu ba tukuna. Ku mayar da ni."

Ban taɓa ganin mahaifina ya karaya kamar ranar ba. Ya tura gadon ciki, ya rufe, ya zauna a dakali har aka kira azahar. Amininsa Baba Tanko, direba ne da suka zo ƙasar nan shekara ɗaya, ya zo ya zauna kusa da shi ya ce, "Iliya, ka yi aiki, wallahi. Saura ka rubuta kalmar shahada a jiki, shi ke nan." Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Na gina wa ciwon ɗaki, na manta da mai ciwon."

Juma'a mai zuwa ya koma Khumra. Ya yanke gefen ɗakin na hagu, wajen hannunta mai lafiya, ya sa taga mai faɗi daidai inda kanta zai kasance. Ya ce in tambaye ta launin da take so, don shi kunya ta hana shi. Ta ce shuɗi, irin na ƙofar gidan mahaifinta. Na ɗinka labule da tsohuwar atamfarta, Bashir ya liƙa madubi a saman tagar yadda za ta ga hanya tana kwance, Baba kuma ya ƙara rumfar tamfol da ake warewa a gefe. Duk da haka ta ƙi shiga, shi kuma bai matsa mata ba. Ya bar motar a ƙofar gida, kullum da safe ya goge ta.

Sai da hadari ya haɗu wata rana cikin sanyi, aka kwana biyu ana yayyafi, ita da kanta ta ce, "Malam, motar nan tana da mai?" Muka fita kudu da gari, Baba yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, motoci suna ta yi masa oda. Bashir ya ce, "Yalla ya Baba, keke ma ya wuce mu." Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." A wani fili inda ruwa ya kwanta ya tsaya, ya buɗe mata taga. Inna ta miƙa hannu waje, ta ce a ɗebo mata ƙasa. Ya ɗebo jiƙaƙƙen yashi ya zuba mata a tafi. Ta kai hanci, ta rufe ido, ta ce, "Ashe ƙasar nan ma tana da ƙamshi." Ranar ta cinye abincinta tas, har ta ce miyata ba gishiri.

Daga nan tafiya ta zama al'adarsu. Sun kwana a bakin teku, sun hau dutsen Ɗa'if lokacin zafi, sun je Madina a hankali, suna yada zango inda ta gaji. Shi ke dafa mata shayi, shi ke juya ta, shi ke ɗaga ta da taimakon Bashir ko nawa. In an tsaya sai ya shimfiɗa tabarma a ƙasa ƙarƙashin tagarta. Akwai wuri a ciki, amma ya ce ɗakin nata ne. Ta yi ƙiba, ta koma faɗa, ta koma tsokanarsa cewa motar ta fi shi kyau.

Mutanen unguwa ba su manta kamannin motar na farko ba. In aka yi rasuwa aka rasa abin ɗaukar mamaci, sai a zo wurin Baba. Bai taɓa bayarwa ba. Zai je Khumra ya aro motar warsha, ya tuƙa da kansa har maƙabarta, amma wannan a'a. "Ɗakin nan akwai mai rai a cikinsa," in ji shi. Ya san in gawa ta hau gadon nan sau ɗaya, Inna ta gama fita ke nan.

Ranar Talatar da na isa Waziriyya, na tarar an gama shirya Baba, maza suna tsaye cirko-cirko a waje. Motar warsha ta tafi wani gari, wadda aka yi alkawari ba ta iso ba, ga azahar ta matso. Shuɗiyar motar tana ƙofar gida, kowa yana kawar da ido daga gare ta. Inna ta ji hayaniyar ta ce a kira mata Bashir da Baba Tanko. Maganarta ba ta fita sosai saboda kuka, ni na riƙa maimaita musu. Ta ce a sa shi a ɗakinta. Baba Tanko ya durƙusa ya ce, "Hajiya, Iliya bai taɓa yarda ba. Saboda ke ya hana." Ta ce, "Na sani. Duk shekarun nan yana ɗaga ni ya kwantar a gadon da ya ƙera, shi yana ƙasa a tabarma. Ko sau ɗaya bai ɗora bayansa a kai ba. A bar shi ya ji aikin hannunsa." Ta huta, sannan ta dubi Bashir. "Ka tuƙa a hankali. Ka buɗe masa tagar."

Haka aka yi. Ban ga tafiyar ba, amma Baba Tanko ya ce gadon ya shige ba ko ƙara.

Da Bashir ya dawo ya tambaye ni a asirce ko a sauke ɗakin a sayar, don a ganinsa Inna ba za ta sake shiga ba. Ni ma haka na zata, kuma tsoron da nake ji ke nan tun daga madafata. Ranar sadakar uku Inna ta kira shi ta ce ya riƙa tayar da motar duk Juma'a kada batir ya mutu, ya kuma koyi jan gadon yadda ubansa ke yi, da kofin ruwa a kai. Ta ce in ta fita takaba za a kai ta filin nan na kudu. Na ce, "Inna, ba za ki ji tsoro ba?" Ta ce, "Tsoron me? Gadon da Malam ya kwanta?"

Ya Allah, ga bawanKa Iliyasu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa tabon wutar da ke hannuwansa ya zama iyakar wutar da zai taɓa sani. Ka ba Inna haƙuri da ƙarfin zuciya, Ka sanya wa Bashir tausasan hannuwa irin na mahaifinsa, Ka riƙe mu da jikokinsa a wannan ƙasa da ba mu da kowa sai Kai. Ya Ubangiji, ya yanka wa baiwarKa taga lokacin da duniya ta rufe mata. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka buɗe masa taga zuwa Aljanna wadda ta fi tasa faɗi. Amin.