Farin Zare a Cikin Kwalba

Shekarar da yayana ya tafi aikin Hajji, ni ya bar wa gonar tumatirinsa ta Jiratawa. Ni kuwa mai tireda ne a Maraɗi, sanina da tumatir bai wuce cikin miya ba. Ya ce, "Ranar da aka sako wa layinmu ruwa, ka ba shi. Shi ke nan. Kada ka yi mini dabara."

Na yi dabara. Na ga fangali biyu da giɓi kamar bakin tsohuwa, sai na karɓo dashe wurin surukina a Tsibiri na cike su, don Alhaji ya dawo ya san ƙaninsa ba na banza ba ne.

Ba a yi mako biyu ba dashen ya fara langaɓewa, ganye kore shar amma ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kazar maƙwabci. Na ce ƙishirwa ce. Na buɗe masa ruwa har kwaɗi suka zo godiya. Bayan kwana uku na Yaya ma suka kwanta, a jere, daidai inda ruwan ke bi. Abincin gidansa na shekara ke nan, mutum goma sha, ga shi yana can yana yi mini addu'a.

Na ɗauko malamin gona a kan babur ɗin kabu-kabu. Ya yanke kara ɗaya, cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Ya tsoma shi a kwalbar ruwa, ya ce in zuba ido. Sai ga wani farin zare yana sauka a hankali kamar hayaƙi.

"Ƙwayar cuta ce," in ji shi. "Ta toshe wa tsiron hanyar shan ruwa. A ƙasar saiwar dashenka ta zo, kai kuma ka ɗora ta bisa ruwa ka raka ta gida gida."

"Malam, wane feshi za a yi?"

"Babu feshi. Tuge, ƙone, ka datse ruwan. Fartanya da takalmi ma a wanke su."

Rabin gonar muka ƙone. Sauran rabin kullum sai na je na duba shi, ganye ya ɗan motsa gabana ya faɗi.

Yaya ya dawo ya tsaya bakin tokar.

"Dabara nawa ka yi?"

"Ɗaya, Yaya."

"Alhamdu lillahi da ba biyu ba."

Masara yake shukawa a wurin har yau, ƙasar ba ta karɓi tumatir ba tukuna. Ni kuwa in na je, a bakin gona yake sa ni tuɓe takalmi, kamar zan shiga masallaci.